Sabbin daktocinmu na kimiyya: wa'adinsu na ƙarewa ba tare da sun sani ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya tare da sauran abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Don Allah a ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu, kuma a yi haƙuri wasiƙar za ta ɗan yi tsawo, domin maganar ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya. Ni malamin jami'a ne a ɓangaren kimiyya, kuma abin da zan yi magana a kai shi ne aikin binciken da ake ɗaukar mutum bayan ya gama digirin digirgir, wanda mu a jami'a muke cewa fosdok.

Duk shekara muna ganin hotuna a Facebook, wane ya kare kundinsa ya zama dakta, an sa jar riga da hula, 'yan uwa sun taru ana Allah ya sanya alheri, kuma wallahi abin farin ciki ne don babu wanda ya san wahalar sai wanda ya shiga. To amma daga ranar da aka rubuta kwanan wata a jikin wannan takardar shaida wani lissafi ya fara, wanda yawancin yaran nan ba su san da shi ba, shugabannin sashensu ba su gaya musu ba, wasu shugabannin ma su kansu ba su sani ba. Kusan duk wani babban tallafin fosdok a duniya yana da wa'adi. Gidauniyar Alexander von Humboldt ta Jamus shekara 4 ta ba ka daga ranar da ka gama, in ka wuce haka ka fita daga sahun sabbin daktoci sai dai ka nemi na manyan masu bincike, wanda shi kuma ana son a ga ka riga ka yi suna. Tallafin Marie Curie na Tarayyar Turai shekara 8 ne. Jami'o'in Afirka ta Kudu galibinsu shekara 5 suke cewa. Yaro zai dawo da digirinsa a ɗora masa kwas huɗu ko biyar, ga ajin 'yan shekarar farko da ɗalibai sun cika ɗakin lakca har ta taga ake leƙe, ga duba takardun jarabawa, ga haɗa sakamako, ga firojet ɗin 'yan ajin ƙarshe, a kuma ce shi ne jami'in jarabawa na sashe tunda shi ne ƙarami kuma ya iya kwamfuta, kafin ya ɗago kai shekara biyar ta wuce, ƙofar ta rufe, bai ma taɓa jin cewa a buɗe take ba.

Bari in ɗan fayyace ma wanda ba ya cikin harkar, don mutane da yawa suna ɗauka wani karatu ne kuma za a koma, har iyaye su ce haba, karatun nan ba ya ƙarewa ne? Ba karatu ba ne, aiki ne da albashi. Ba aji, ba jarabawa, ba wani digiri a ƙarshensa. Wani farfesa ne ya samo kuɗin bincike, a cikin kuɗin akwai kason ɗaukar sabon dakta na shekara ɗaya zuwa uku ya zo ya yi aikin gwaje-gwajen, ya taimaka wajen kula da ɗalibai masu digiri na biyu da na uku, ya rubuta sakamakon a mujallun kimiyya. Ko kuma kai da kanka ka rubuta abin da kake son bincikawa, ka sami farfesan da ya yarda ya karɓe ka, wata gidauniya ta biya. Mu da muka taso a gidajen karatun allo mun san wanda ya sauke Alƙur'ani ba a ranar walimar yake zama alaramma ba, sai ya yi tishe, wani ma ya ɗauki allonsa ya nufi gabas ya zauna gaban gwanaye har karatun ya zauna masa. To haka abin yake. A lokacin digirgir kana ƙarƙashin sufabaiza, wato malamin da ke duba aikinka, tambayarsa kake amsawa, a fosdok ne kake koyon ƙirƙiro taka tambayar, da yadda ake neman kuɗi, da yadda ake tafiyar da ɗakin gwaje-gwaje. A Turai da Amurka da Japan da wuya ka ga an ba mutum kujerar koyarwa ta dindindin a fannin fiziks ko kemistiri ko kimiyyar halittu bai bi ta nan ba. A injiniyanci abin ya ɗan fi sauƙi don kamfanoni suna kwashe mutane tun da wuri, amma can ma yanzu ya zama ruwan dare.

Mu a namu tsarin wannan matakin babu shi kwata-kwata. Ka duba tsanin: mataimakin malami, sai lakcara na biyu, lakcara na ɗaya, babban lakcara, mataimakin farfesa, farfesa. Ina gurbin wanda aikinsa bincike kawai na shekara biyu? Babu. Hutun sabatikal kuma, wato hutun koyarwa da ake ba malami don ya yi bincike, sai ka kai babban lakcara a yawancin jami'o'i, lokacin ai wa'adin da nake magana ya daɗe da wucewa. Sannan wanda jami'a ta sake shi ya je ya yi digirgir akwai yarjejeniyar da ya sa hannu cewa zai dawo ya yi aiki na wasu shekaru kafin ya ƙara motsawa, kuma ni ban ce yarjejeniyar ba ta da dalili ba, dukiyar al'umma aka kashe masa dole ya biya da aiki. Amma abin da nake roƙo shi ne majalisun jami'o'i su duba, in yaro ya samo tallafi irin na Humboldt wanda ko kwabo jami'a ba za ta kashe ba, me zai hana a ɗage masa yarjejeniyar ya je ya dawo sannan ya cika? Na ga inda aka hana mutum tafiya da hujjar wai babu mai ɗaukar kwas ɗinsa, takardar gayyata a hannunsa, har ta lalace. Ba zan faɗi wurin ba. Yau yana nan yana koyarwa da tsohon littafin da ya karanta yana ɗalibi, kuma yaro ne mai ƙwaƙwalwa wallahi.

To ƙannena, ku nake so ku buɗe kunne, maza da mata. Hanyoyin suna nan kuma ba sai kana da wani a sama ba.

Ita Humboldt tana da wani reshe na musamman mai suna Georg Forster wanda aka ware wa masu bincike daga ƙasashe masu tasowa, Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru duk suna ciki, wata 6 zuwa 24 a duk jami'a ko cibiyar bincike da ka sami mai masauki a Jamus, kuma sharaɗinsu shi ne bincikenka ya zama mai amfani ga cigaban ƙasarka, wanda wannan ai mu ya fi dacewa da mu. Suna ba da alawus na iyali, suna biya maka koyon Jamusanci, in ka gama akwai tallafin komawa gida har da taimakon kayan aiki, kuma ba sa yada mutum, duk wanda ya taɓa shiga ya zama nasu har tsufa. Marie Curie kuwa ba ruwanta da ƙasar da ka fito, kai da jami'ar da za ta karɓe ka kuke rubuta takardar tare, yawanci a watan Satumba ake rufewa, sai dai akwai ƙa'idar cewa kada ya zama ka zauna a ƙasar da za ka je fiye da wata 12 a cikin shekara 3 da suka gabata. Gasar da zafi, ba zan ɓoye muku ba, kuna karawa ne da 'yan Indiya da Sin da Italiya da Sifen waɗanda tun suna digiri na biyu ake koya musu rubuta irin wannan takarda. Japan tana da nata na hukumar JSPS, shekara ɗaya zuwa biyu. Ingila tana da Newton International Fellowship ta hannun Royal Society, ƙungiyar manyan masana kimiyya ta ƙasar.

Amma ni wanda na fi so yaranmu su fara dubawa shi ne na TWAS, wato cibiyar kimiyya ta ƙasashe masu tasowa da ke Trieste a Italiya, wadda Abdus Salam ɗan Pakistan da ya ci kyautar Nobel a fiziks a 1979 ya kafa a 1983, shi ne kuma ya kafa cibiyar nazarin fiziks ta ICTP a garin tun 1964 wadda 'yan fiziks da lissafi na Afirka da yawa suka sha ruwanta. TWAS tana tura mutum ne daga wata ƙasa mai tasowa zuwa wata, Indiya, Brazil, Malesiya, Pakistan da sauransu. Wasu suna raina wannan, wai su Turai ko Amurka suke so, kuma kuskure ne babba. Ɗakunan gwaje-gwajen hukumar binciken kimiyya da masana'antu ta Indiya, CSIR, suna da na'urorin da a duk Arewa ba ka haɗa irinsu, rayuwa da sauƙi, biza da sauƙi, kuma matsalolin da suke bincike a kai, zafi, fari, ƙwarin amfanin gona, ruwan sha, sun fi kama da namu. Haka Afirka ta Kudu, jami'o'in Johannesburg da Pretoria da KwaZulu-Natal da Cape Town da Stellenbosch suna ɗaukar fosdok da yawa kuma 'yan Najeriya sun cika can, sai dai galibi 'yan uwanmu na Kudu ne, don su suna gaya wa junansu. Dalilin da ya sa jami'o'in can suke ɗauka haka ba ɓoyayye ba ne, gwamnatinsu tana biyan jami'a kuɗi a kan kowace takardar bincike da ta fito a mujallar da aka amince da ita, saboda haka fosdok mai ƙwazo yana mayar musu da abin da suka kashe masa. Ga kuma Saudiyya, jami'ar KFUPM da ke Dhahran wadda injiniyoyinmu na Arewa da dama suka yi karatu a cikinta, da jami'ar KAUST da aka buɗe a 2009 a Thuwal kusa da Jidda, ga mai iyali da ke tunanin tarbiyyar yara da abinci da masallaci wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

'Yan uwa mata, na san naku ya fi nauyi, ga aure ga goyo ga maganar wa zai bar ki ki tafi wata ƙasa ke kaɗai. Amma ku sani masu ba da tallafin nan sun yi tunanin haihuwa, Marie Curie tana cire wata 18 daga lissafin shekarun nan a kan kowane ɗa da aka haifa bayan digirin, Humboldt ma tana la'akari da lokacin raino. Kuma akwai waɗanda naku ne ku kaɗai, shirin Faculty for the Future na gidauniyar Schlumberger ga mata 'yan ƙasashe masu tasowa a kimiyya da injiniyanci, da na L'Oréal da UNESCO na Afirka kudu da Sahara, da na ƙungiyar mata masana kimiyya ta OWSD wanda yake ba matan wasu daga cikin ƙasashe masu tasowa kuɗi har dala 50,000 su yi binciken a jami'arsu ba sai sun bar gida ba. Ina kira ga mazaje da iyaye, shekara ɗaya ko biyu ce, kuma da yawansu an tanadi tafiya da iyali.

Yanzu maganar da ba ta da daɗi. Abin da ya fi kayar da yaranmu ba rashin ilimi ba ne, inda suke buga bincikensu ne. Tsarin ƙarin girma namu ƙirga takardu yake yi, guda nawa gare ka, saboda haka mutum sai ya yanka aiki ɗaya gida huɗu ya kai wa mujallun nan na 'yan kasuwa da za ka biya yau su buga maka jibi ba wanda ya karanta balle ya gyara, ya tara ashirin yana murna. Farfesa a Munich ko Tokyo ko Pretoria da ya buɗe takardar tarihin aikinka ya ga irin waɗannan sunaye shikenan ya rufe, ba zai ma amsa maka ba, kuma ba zai gaya maka dalili ba. Takarda biyu masu kyau da kai ne marubuci na farko a mujallar da masana fanninka suke karantawa sun fi ashirin ɗin nan nesa ba kusa ba. Eh za a wahalar da kai, za a dawo maka da ita da gyare-gyare shafi uku, wata ma a ƙi ta gaba ɗaya bayan ka jira wata shida, amma ita ce kaɗai shaidar da waɗancan mutanen suke ganewa. Kuma laifin ba na yaran ba ne su kaɗai, mu manya mu muka nuna musu hanyar.

Sai yadda ake neman mai masauki. Ana tallata guraben a fili, shafin EURAXESS na Turai, jobs.ac.uk na Ingila, Nature Careers, LinkedIn, da shafukan jami'o'in kansu, amma da yawa daga cikin guraben ta hanyar wasiƙa ake samunsu kafin ma a tallata. To a nan ne ake ɓata rawa da tsalle. Mutum zai rubuta imel ɗaya ya tura wa farfesoshi hamsin, dogon kirari a sama, labarin talauci a tsakiya, roƙo a ƙasa, bai ambaci ko aiki ɗaya na mutumin ba. Ba sadaka suke rabawa ba, ma'aikaci suke nema. Ka zauna ka karanta takardunsa na shekara biyu da suka wuce, ka rubuta gajeriyar wasiƙa, ga abin da na gani a aikinka, ga dabarar da na iya, ga tambayar da nake ganin za mu iya amsawa tare, ga tallafin da nake son nema in ka yarda ka karɓe ni. Wannan jimlar ta ƙarshe tana da ƙarfi sosai domin kana gaya masa ba daga aljihunsa za a biya ka ba. Ka buɗe ORCID da Google Scholar, shafukan da ke tattara ayyukan mai bincike wuri ɗaya, sunanka ya zama iri ɗaya ko'ina, don mu muna da matsalar nan, yau Muhammad gobe Mohammed jibi an sa sunan gari a gaba, sai a kasa gane duk mutum ɗaya ne. Kuma duk wanda ya ce ka biya shi kuɗi zai samo maka fosdok, ko wata jami'a ta ce sai ka biya kuɗin fom, ka gudu, ɗan damfara ne, aikin nan kai ake biya.

Abin da muke da shi wanda su ba su da shi kuwa shi ne fili da samfur da sanin ƙasa. Wanda ke binciken ƙurar hunturu a kan farantan sola, ko cutar da sauro ke yaɗawa, ko ƙasar noma a Sahel, yana bukatar wanda zai iya shiga ƙauye ya yi magana da mutane da harshensu. Wannan jari ne. Sai dai a kula kada ka zama ɗan aiken ɗebo jini da ƙasa da ruwa kawai, a tafi da su a buga takarda sunanka yana can ƙasa wajen godiya. Tun farko a yi magana a rubuce, wa zai yi nazarin, sunan wa zai zo a ina.

Iyayenmu farfesoshi, ranku ya daɗe, da girmamawa nake wannan roƙo. Wasiƙar shaida kan ƙwazonsa da yaro yake nema a wurinku, in ranar rufewa ta wuce da minti ɗaya kwamfuta ba ta san uzuri ba. Kuma layi uku na cewa yaron kirki ne mai ladabi ba ya taimaka masa, so ake a ji me ya gano, wace matsala ya warware a gabanku, a cikin ɗaliban da kuka yaye shi na nawa ne. Sa'a ɗaya ce za ku ba shi ta canza masa rayuwa.

Ba kuma ina cewa can aljanna ba ce. Fosdok aikin kwantiragi ne, yau kana da shi shekara biyu ta cika ka koma nema, akwai waɗanda suka yi na farko da na biyu da na uku suna yawo daga ƙasa zuwa ƙasa da yara a hannu har furfura ta fito ba su sami kujera ba, kuma bizarka a hannun mai gidanka take, in ka haɗu da mugu sai dai haƙuri. Albashin ma in ka juya shi zuwa naira sai ka ga kamar ka yi arziki, amma a can kuɗin haya yake cinye shi. A Amurka mafi ƙarancin da hukumar binciken lafiya ta NIH ta tsayar a 2024 dala 61,008 ne a shekara, kuma a birane irin su Boston da San Francisco wannan da ƙyar yake riƙe mai iyali, shi ya sa a ƙarshen 2022 ma'aikatan bincike da koyarwa kusan 48,000 na jami'ar California, har da 'yan fosdok, suka tafi yajin aiki. Kuma tallafin da ya dogara da wata ƙasa ranar da ta ga dama take janyewa. Shirin FLAIR da Royal Society da cibiyar kimiyya ta Afirka da ke Nairobi suka yi don matasan masu bincike su yi aiki a nan Afirka, shiri mai kyau ƙwarai, a 2021 da Ingila ta rage kuɗin agajin da take bayarwa sai ya tsaya cak, mutane suna tsakiyar aiki.

Wannan ne ya kawo ni kan abin da ya fi damuna, wato mu yi namu a gida. Na san abin da za a ce, in aka sake su ba sa dawowa. Gaskiya ne wasu ba sa dawowa, kuma waɗanda suka ci kuɗin TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu, suka maƙale a waje sun cuci na bayansu, domin yana daga cikin dalilan da hukumar ta bayar, tare da tsadar canji bayan faɗuwar naira, lokacin da ta dakatar da tura malamai karatu waje daga farkon 2025. Amma mu tambayi kanmu me mutum zai dawo ya tarar. Yajin aiki na wata 8 a 2022, ɗakin gwaji ba wuta, firij ɗin ajiye samfur ya mutu, sinadarai sai ka saya da albashinka. Wanda ya dawo ya tarar da wurin aiki yana zama. Ku dubi abin da Dakta Mahmoud Bukar Maina ya yi, ɗan Yobe da ya yi bincikensa a jami'ar Sussex a Ingila kan ƙwaƙwalwa, ya yi amfani da mutanen da ya sani a can da goyon bayan gwamnatin jiha aka kafa cibiyar BioRTC a jami'ar jihar Yobe a Damaturu, da na'urorin hangen ƙwayoyin halitta na zamani, yau matasa daga jihohi daban-daban suna zuwa koyon aiki a wurin. Wannan ribar fita waje ce in an dawo da ita.

Kuma ba wai ba mu da wuraren da za a ajiye 'yan fosdok ba. Zariya akwai cibiyar CERT mai tukunyar nukiliya ta bincike da ta fara aiki a 2004, akwai cibiyar binciken noma ta IAR a Samaru inda aka fitar da waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsa a 2019, akwai ta kiwon dabbobi NAPRI a Shika da ta fasahar sinadarai NARICT a Basawa. Kano akwai cibiyar noman tsandauri ta jami'ar Bayero da Bankin Duniya ya tallafa, Sakkwato akwai cibiyar binciken makamashi, Vom akwai ta magungunan dabbobi, Maiduguri akwai ta tafkin Chadi, ƙetaren iyaka ga jami'ar Yamai da ke ɗauke da sunan Abdou Moumouni, mutumin da ya yi fice kan hasken rana tun kafin sola ta zama abin yayi. Tambayoyin kuwa sun fi ƙarfin lissafi. Gubar dalma da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, wa ke bin ƙasar Bagega da Anka yanzu yana aunawa shekara bayan shekara? Ciwon ƙoda da ya addabi Gashuwa da yankin Haɗeja, ruwa ne, maganin feshi ne, zafi ne, ko duka? Tsutsar tumatir da ta tashi manoman Kadawa tsaye a 2016. Madatsar Alau da ta ɓalle a Satumban 2024 ta cinye Maiduguri, sauran madatsun namu fa, Tiga da Goronyo da Bakolori da Dadin Kowa, injiniya nawa ne aikinsu kawai su zauna a kansu da na'ura? Kowace ɗaya a cikin waɗannan tana bukatar mutum mai digirgir, matashi mai jini a jika, wanda aka ce masa ga albashi ga kayan aiki ga shekara biyu, ba aji ba duba takarda, je ka dawo mana da amsa. Malamin da ke koyar da kwas biyar ba zai iya ba ko ya so.

Kuɗin kuma akwai inda za su fito. TETFund daga harajin da kamfanoni ke biya take samun nata, kuma tana da asusun bincike na ƙasa da take raba wa malamai. Abin da nake ba da shawara shi ne duk babban tallafin da za a bayar a sa layi a cikinsa na ɗaukar fosdok ɗaya ko biyu da albashi mai mutunci, a tallata gurbin a fili kowa ya nema, kuma a fi son wanda ya fito daga wata jami'a daban, don wannan al'adar ta mutum ya yi digiri na ɗaya da na biyu da na uku a sashe ɗaya gaban malami ɗaya sannan ya zama malami a nan ita ma tana kashe mu, tunani ba ya sabunta. Ɗan Sakkwato ya je Nsukka, ɗan Ibadan ya zo Zariya, ɗan Maraɗi ya zo Kano. Ya kamata hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta amince da matakin a hukumance a lissafa shekarun cikin shekarun aiki wajen ƙarin girma, don yanzu wanda ya tafi ma tsoro yake kada ya dawo ya tarar sa'o'insa sun wuce shi. Hukumar PTDF da ke da kuɗin man fetur ita ma ya kamata ta yi haka a ɓangaren injiniyanci. Attajiranmu masu siminti da taki da sukari da suke gina wa jami'o'i manyan ɗakunan taro, Allah ya saka da alheri, amma kuɗin gini ɗaya zai riƙe masu bincike da yawa na shekaru, kuma matsalolin masana'antunsu za a warware musu. Gwamnonin Arewa da kowannensu ke da jami'ar jiha, ko gurbi biyar-biyar a shekara suka fara da shi za a ga bambanci.

Kafin a kai ga wannan, abin da ba ya bukatar ko sisi: duk makarantar karatun gaba da digiri ta ware rana ɗaya a shekara ta tara waɗanda suke dab da gamawa, a kira waɗanda suka taɓa zuwa su nuna musu takardun da suka rubuta aka ɗauke su, a gaya musu wa'adin kowane tallafi da watan da ake rufewa, a ce su fara nema tun kafin ranar kare kundi. Ku kuma da kuke waje yanzu, a Jamus ko Malesiya ko Saudiyya ko Kanada, in gurbi ya buɗe a inda kuke ku turo shi gida, ku duba wa yaro takardarsa kafin ya aika. Malam Edita, ku ma da za ku riƙa ware ɗan lungu a jaridar nan ko sau ɗaya a wata kuna sanar da irin waɗannan guraben da Hausa, da ranar rufewarsu, da kun taimaka ƙwarai, domin iyaye da mazaje su ma su karanta su san abin da 'ya'yansu da matansu suke nema izini a kai.

Na gode da wannan dama. Allah ya ƙara ɗaukaka jaridar.

Wassalam,
Mai karatunku a kullum,
wani malamin kimiyya daga ɗaya daga cikin jami'o'in Arewa